Wa Ya Ce Jirgin Sama Ba Na Mata Ba Ne?

Ya kai mai karatu, da kai wanda ake karanta wa a zaure ko a inuwar bedi. Yau faɗa na zo yi da kai. Na gaya maka tun daga farko don kada ka ce na shammace ka. In kana da ɗiya a gida, ko ƙanwa, ko jika, gyara zama, da kai nake.

Ga abin da ya tsokano maganar. A wani gari na ƙasar Agye, wanda ba zan faɗi sunansa ba, mun tashi daga karatun dattawa bayan la'asar, muna zaune ana hira. Sai ga jirgin sama ya ratsa can ƙololuwa, ya bar farin zare a bayansa. Yara suka zuba a guje suna yi masa ihu. Wata yarinya mai tallan ƙuli-ƙuli ita ba ta yi gudu ba. Ta tsaya cik, faranti bisa kai, ta bi shi da ido har ya ɓace. Na ce wa mutanen, "Kun san akwai ɗiyar Nijar da ke tuƙa jirgi?" Aka fashe da dariya. Wani dattijo, mutumin kirki, wanda ba ya fashin zuwa karatu, ya ce, "Haba malam! Mace ko amalanke ba ta kora daidai, balle jirgi." Na kusa da shi ya karɓe, ya ce, "Ko ma ta tuƙa, komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Ɗakin miji za ta ƙare."

Yarinyar nan mai ƙuli-ƙuli jikar dattijon ce. Bara tana aji biyar, kuma mushensu ya shaida mini babu mai kama ƙafarta a lissafi, maza da mata. Bana an cire ta. Talla take yi, ana tara kuɗin kayan ɗaki. A ranar ban ba tsohon amsa yadda ya kamata ba, kunya ta hana ni. Takarda kuwa ba ta jin kunya. Don haka ga amsar, tasa ce, kuma ta duk mai ra'ayi irin nasa ce, tun daga Gidan Rumji har Gazawa.

Mu fara da sunan matar, don kada a ce tatsuniya nake yi. Sunanta Uma Lawali, a takardun gwamnati ana rubuta shi Ouma Laouali. Ran 21 ga Oktoba 2015 aka sanar da ƙasa cewa ita ce mace ta farko matuƙiyar jirgi a rundunar sojan sama ta Nijar. Shekararta 28 a lokacin, da gala biyu a kafaɗa. Jirgin da take tuƙawa Cessna ne, ƙarami, mai inji ɗaya. Ba ta tsaya nan ba. A watan Afrilu na 2020, tana da gala uku, ta gama koyon tuƙin C-130 a garin Little Rock na Amurka. Kai da ba ka taɓa ganin C-130 ba, bari in kwatanta maka. Injinsa huɗu. Yana ɗaukar soja 92, ko kuwa kaya kusan tan 19, wato buhun gero 190 mai kilo ɗari-ɗari. Amalanke nawa ke nan, baba? Kafin wannan lokaci ta riga ta yi awa 2,600 tana tuƙi. Raba 2,600 da 24, za ka samu kwana 108 da ƴan awoyi. In an haɗa su wuri ɗaya, ya fi wata uku da rabi, dare da rana, ƙafarta ba ta taɓa ƙasa ba.

Jirgi ba ya tambayar wanda ya riƙe shi ko yana da gemu. Abin da yake so, a karanta agogunan da ke gaban matuƙi daidai, a lissafa nauyin kaya da man da zai isa, a san inda iska ta dosa, a ji maganar mai ba da hanya a rediyo a ba shi amsa ba da ruɗewa ba. Karatu ne da lissafi da natsuwa. Ba a ɗaga jirgi da damtse. In ma damtsen ake nema, wadda ke sussuka dami da asuba, ta daka, ta ja guga daga rijiya mai gaba ashirin, ta tafi gamanarta da goyo a baya, ba ita za a gaya wa ƙarfi ba.

Kuma ba sai an je Amurka ake fara wannan karatu ba. A Zariya, tafiyar yini guda daga Maraɗi ta Jibiya da Katsina, akwai makarantar koyon tuƙin jirgi tun 1964. A can Chinyere Kalu ta koya, ta zama mace ta farko mai tuƙa jirgin fasinja a Nijeriya a 1981, a 2011 kuma aka ba ta shugabancin makarantar gaba ɗaya. A Yamai akwai makarantar EAMAC tun 1963, inda ake koyar da masu ba jirage hanya da masu duban yanayi, ɗalibai na zuwa daga ƙasashen Afirka da yawa. Mai gadin ƙofar waɗannan wurare ba ya korar mai kallabi. Takardar karatu ake tambaya, musamman bak na fannin lissafi da kimiyya.

To, ɗauko allonka mu yi lissafi irin wanda muka saba yi a aji.

Yaro yana shiga lakkol da shekara 7, wasu 6. Firamare shekara 6 ce. Kolej shekara 4, a ɗauki birebe. Lise shekara 3, a ɗauki bak. 6 a tara da 4 a tara da 3, 13 ke nan. In yarinya ta shiga da shekara 7, ba ta maimaita aji ko ɗaya ba, za ta riƙe bak tana da shekara 20. Rubuta 20 a gefe guda. Ga wani adadi kuma. Babban binciken da aka yi kan lafiya da yawan jama'a a 2012 ya nuna cewa cikin ƴan mata 100 na Nijar, 76 an ɗaura musu aure kafin su cika shekara 18, kuma 28 kafin ma su cika 15. A jihar Maraɗi, tamu, 89 ne cikin 100 kafin 18. Babu jihar da ta kai mu. Yanzu dubi allonka: 18 ta kai 20? Ba ta kai ba. Nan jirgin ɗiyarka ya faɗi, tun bai tashi ba. Cikin 100, 11 kaɗai suka rage, kuma cikin 11 ɗin ma ba duka ne aka taɓa sa su lakkol ba. Sannan mu zauna a inuwa muna cewa mace ba ta iyawa. Ka ɗaure akuya a turke tun tana ƙarama, ka koma kana cewa ba ta san hanyar daji ba.

Na san abin da za ka ce, don na sha ji. Za ka ce, "Waɗannan daban suke. Macen ƙauye ba ta da kan lissafi." Wannan magana ta fi kowace ba ni haushi, don a ƙasarmu aka ƙaryata ta. A 1991 aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, da taimakon ƙungiyar CARE. Mata su haɗu kowane mako, kowace ta zuba abin da aka yanke, a ba mai buƙata bashi, ta maido da ƴar riba, in lokaci ya cika a fasa asusu a raba. Galibin matan da suka fara ba su san baƙi ko ɗaya ba. Da ka suke riƙe wadda ta zuba, da wadda ta ci bashi, da ranar biya, da rabon kowa. Tsarin ya yi kyau har aka kwafe shi zuwa ƙasashe da yawa na Afirka da wajenta. Kai da kake cewa ba su da kai, matarka ta taɓa manta dala ɗaya da take bin ka? In wannan kai ya samu alli da allo shekara 13, me zai gagare shi?

Ga abin da yake zama in ya samu. A wannan shekara ta 1991 aka haifi Faji Maina a Damagaram, garin da kowa ya san wahalar ruwansa. Iyayenta suka bar ta a lakkol. Ta ɗauki bak tana da shekara 16. Ta tafi Fas ta ƙasar Maroko, daga nan Strasbourg ta Faransa, inda ta samu digirin dakta a 2016 kan ilimin ruwa. A 2020 hukumar NASA ta Amurka, wadda ke harba kumbo da taurarin ɗan'adam, ta ɗauke ta aiki. Ka lura da kyau: ita ce masaniyar kimiyya ta farko daga Nijar da ta shiga can, a maza da mata duka. Babu namijin da ya riga ta. Aikin da aka ba ta, ta yi amfani da awon da taurarin nan ke aikowa don a gane yadda ruwa ke ƙaruwa ko raguwa, a bisa ƙasa da ƙarƙashinta. Yarinyar da ta tashi tana ganin layin jarka a famfo ce ta koma auna ruwan duniya daga sama.

Dattawa za su tuna kumbon Afolo 11 da ya kai mutum wata a 1969, wanda har Alhaji Mamman Shata ya yi masa waƙa. A cikin waɗanda suka yi lissafin hanyar kumbon akwai wata baƙar mace, Katherine Johnson. Tun 1962, da za a harba John Glenn ya kewaya duniya, sai ya nemi ita ta sake bin lissafin da inji ya yi, da hannunta, kafin ya yarda ya hau. Namiji ne, soja ne, bature ne, a zamanin da ake wulakanta baƙar fata a ƙasarsu, amma da maganar ransa ta taso bai tsaya duba kallabi ba.

Sai magana ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi. Za ka ce, "Malam, me ya haɗa mu da sama? Mu gero muke nema." Madalla. Mu yi maganar gero da gona.

Bayan yunwar 1984, wadda mutanen nan ke kira El Buhari, manoman Ɗan Saga ta ƙasar Agye da na garuruwa da yawa suka canza hannu a sassabe. Suka daina tumɓuke kututture. Suka riƙa barin tohon kalgo da sabara da gawo, su zaɓi mai ƙarfi su rage sauran. Sassaben zamani ke nan, ka fi ni saninsa. Shekara ashirin ana wannan aiki, amma a manyan tarurruka na duniya ana ta cewa hamada ta cinye Nijar, itace ya ƙare. Ba wanda ya ƙirga, don ba a ƙirga itacen ƙasa guda da ƙafa. Sai da masana suka ɗauko hotunan da jirgi ya ɗauka a 1975, suka gwada su da hotunan tauraron ɗan'adam na shekarun 2003 zuwa 2005, sannan ido ya buɗe. Aka kimanta gonaki kusan eka miliyan 5, irin eka tamu mai mita ɗari kowane gefe, sun sake yin itace a kudancin ƙasar nan, itatuwa wajen miliyan 200. Daga sama aka ga aikin hannunka, aka daina kiranka mai ɓarnar daji, baƙi suka fara zuwa Ɗan Saga koyo.

To, wa ya ƙera idon da ake kallon gona da shi daga sama? Taurarin da ake kira Landsat sun fara ɗaukar hoton ƙasa a 1972, kuma na'urar da ta yi fice a na farkonsu, mai bambanta kore da busasshe, mace ce ta tsara ta. Sunanta Virginia Norwood, ta rasu a 2023. Tana yarinya, mai ba ɗalibai shawara a makarantarsu ya ga ta iya lissafi, sai ya ce ta nemi aikin jera littattafai a ɗakin karatu. Shawarar dattijonmu ce, da Turanci. Ba ta bi ba.

Haka maganar ruwan sama. Kowane manomi ya san zafin shukar da ta ƙone: ruwan fari ya sauka, ka zuba irinka, sama ta ɗauke kwana ashirin, ka koma neman iri bashi. Bayan babban farin da aka yi aka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974, don a riƙa bin damina da gona da kiwo a ƙasashen Sahel. Hasashen da kake ji a rediyo yana dogara da hoton gajimare da tauraro ke aikowa, da mutanen da suka iya karanta shi. Hasashe ne, yakan kuskure, Allah kaɗai Ya san gobe. Amma wanda ke karanta hoton nan, in ɗiyar Gangara ce ko ta Gidan Sori, wadda ta san bambancin jigawa da fadama, ta san ranar da ake binne, ta san abin da asarar tiya biyar ta iri ke nufi a gidan talaka, ba za ta fi baƙo jin zafin aikin ba?

Magana ta uku ita ce wadda ake rufe bakin mutum da ita: addini da al'ada. Ni ba malamin fatawa ba ne, tarihi kawai zan tuna maka. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a ƙasar Gobir ya yi wa'azinsa, ya yi kakkausar suka ga malaman da ke koyar da almajirai a waje su bar matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilci. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, ta naɗa jajis suna bin ƙauyuka suna koyar da mata, su ne ƴan taru. Na san kakannin Gobirawa da Katsinawa sun gwabza da gidansu, amma a wannan magana ba ta da abin musu. In kuma al'adarmu ta gado kake nufi, je ka Tsibiri ka tambayi sarautar Inna, ka je Maraɗi ka tambayi ta Iya. Sarautu ne na mata, masu fada da mabiya, tun kafin Bature ya zo. In Makka kake kallo, a watan Mayu na 2023 Saudiyya ta tura ɗiyarta Rayyana Barnawi zuwa tashar sararin samaniya, ta yi bincike a can ta komo lafiya. Misira kuwa tun 1933 Lutfiyya al-Nadi ta karɓi takardar tuƙin jirgi. Su ba Musulmi ba ne? Abin da ka kira al'ada, sau da yawa tsoro ne ya sa rawani.

Ban raina tsoron ba. A nan zan sassauta murya, don akwai gaskiya a wajenka. Kolej tana da nisa da garuruwa da yawa. Yarinya ƴar shekara 13 sai an kai ta gidan wani a Agye ko Gazawa ko Gidan Rumji, mai masaukin ya mai da ita ƴar aiki, ko ta kwana da yunwa, ko wani ɗan iska ya tare ta a hanya. Uba yana tsoron abin kunya, kuma tsoronsa ba hauka ba ne. Ajin zana ba ya buɗewa sai an gama girbi an samu kara, ruwan fari kuma ya tashe shi. A watan Nuwamba na 2021 gobara ta kama irin waɗannan azuzuwa a birnin Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu. Wanda ya ga haka ya ce ba ya kai ɗansa, ba za a ce masa mahaukaci ba.

Don haka bari in juya ga masu takalmi da ofis, su ma su ji nasu. Kowace ranar 13 ga Mayu ana ɗinka anko, a yi jawabi, a ɗaga hoton Uma Lawali da na Faji Maina, a tafa, a watse. Ranar nan ba don anko aka kafa ta ba. A 1991 ne mata suka yi jerin gwano a Yamai, don an sa mace ɗaya tak cikin kwamitin shirya babban taron ƙasa, suka ƙi yarda har aka ƙara. A watan Disamba na 2017 an sa hannu kan dokar kare yarinya mai karatu. An kuma fara gina gidajen kwana na ƴan mata a wasu kolej. Abu ne mai kyau, amma bai kai ko'ina ba. Doka a takarda ba ta dafa tuwo, ba ta raka yarinya hanya. Hoton matuƙiya ɗaya ba ya biyan bashin dubban da aka bari a ajin zana. Ku gina aji na bulo, ku kawo malamin lissafi da zai zauna, ku sa dattijuwa amintacciya a gidan kwana, ku ga ko uba zai ƙi.

Amma kai ma, mai karatu, kada ka fake a nan. Talauci da nisa ba yau suka fara ba, kuma ba mu kaɗai suka sani ba. Bessie Coleman, baƙar mace ta farko da ta samu takardar tuƙin jirgi, ɗiyar masu tsinkar auduga ce a Texas. Kilomita shida take takawa zuwa makaranta mai aji ɗaya. Da ta girma, makarantun jirgi na Amurka suka ƙi ta, don mace ce kuma baƙa. Ta shiga ajin dare ta koyi Faransanci, kamar yadda kake koyon baƙi yanzu, ta tara kuɗi, ta ƙetare teku, ta karɓi takardarta a Faransa ran 15 ga Yuni 1921. Valentina Tereshkova ta Rasha, mace ta farko da ta je sararin samaniya, marainiya ce. Ubanta direban tarakta ne, ya mutu a yaƙi tana ƴar shekara biyu. Ta bar makaranta da shekara 16 ta kama aiki, daga baya a masaƙa, tana ci gaba da karatu bayan an tashi. Ran 16 ga Yuni 1963 aka harba ta ita kaɗai cikin kumbo, ta kewaya duniya sau 48 cikin kusan kwana uku. Babu ɗiyar sarki ko ta attajiri a cikinsu.

Ba zan ɓoye maka ba, aikin yana da haɗari. Bessie Coleman a haɗarin jirgi ta mutu, a 1926. Amma in haɗari kake gudar wa ɗiyarka, je ka Danja, kudu da Maraɗi, inda aka buɗe asibitin masu yoyon fitsari a 2012. Ka dubi shekarun wasu daga cikin waɗanda ke kwance. Ba daga jirgi suka faɗo ba. Doguwar naƙuda ce ta same su, ƙugu bai gama girma ba, likita kuma yana nesa.

Saura maganar jifa. Gaskiya ne, komai nisansa ƙasa zai faɗo. Jirgi ma yana sauka, ba a sama yake kwana ba. Ni ban zo raba kowa da aure ba. Tereshkova ta yi aure a shekarar da ta je sama, ta haihu a 1964. Abin tambaya, da me ɗiyarka za ta shiga ɗakin mijin? Da kwalla da samira kaɗai, tana ƴar 14? Ko tana ƴar 20, da ƙashi mai ƙwari, da takarda a hannu, da sanin da ba a sacewa, ba a kuma sakinsa da saki uku? Ban ce duk wadda ta kai bak za ta tuƙa jirgi ba. Cikin dubu wataƙila ɗaya. Sauran su ne ungozoma, da likita, da malama, da mai duban yanayi, da mai auna rijiya. Kai ne fa kake ƙin namiji ya duba matarka a asibiti. Macen da za ta duba ta, ɗiyar wa kake so ta zama?

Ke ma uwa ban ƙyale ki ba. Sau da yawa ba uban ne ke cire yarinya ba, ke ce, don farantin talla da gasar jere. Kin fi kowa sanin abin da aka hana ki. Ke da kike riƙe lissafin asusu da ka, ki lissafa wannan: ribar ƙuli-ƙuli ta shekara uku a gefe ɗaya, albashin malama ko ungozoma na shekara talatin a ɗaya gefen. In ƙungiyarku tana iya ba mace bashin tunkiya, tana iya ɗaukar nauyin sabulu da littafi da abincin ɗiya ɗaya da ta ci kolej.

Wannan takarda da kaina zan kai wa dattijon nan, kuma shi zai karanta ta, don yanzu yana haɗa baƙi, sannu-sannu, da yatsa bisa layi. Baba, ka gafarce ni in na yi kaushi. Na je wajen mushe, ya ce in aka maido ta watan Oktoba zai karɓe ta a aji biyar, wurinta yana nan. Takardar haihuwarta ce kawai ba a samu ba, kuma ana yin ta, ni zan raka ka. Shekara ɗaya tak ta rasa.